Bokitan Herr Kolbe

Ranar Talata ce, tara ga Maris, ana yayyafi mai ɗumi tun asuba, na tarar da tsohon nan maƙwabcinmu, Herr Kolbe, zaune daɓas cikin laka a gefen titi, ƙafafunsa a miƙe, bokiti a tsakaninsu. Ina kan keke, na fito sayo taba. Na so in wuce kamar ban gan shi ba, amma ya riga ya ɗaga mini hannu.

"Torben, zo nan. Tun da ba ka da aikin yi."

Na jingine keken. Na tambaye shi ko faɗuwa ya yi, ya ce shi bai faɗi ba, zama ya zo yi ƙasar ta riga shi. Fuskarsa ta yi fari fat, leɓɓansa sun yi shuɗi-shuɗi. Na ce bari in kira motar asibiti. Ya damƙe mini wuyan hannu da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba, ya ce yana kan bokiti na tara ne, saura goma sha tara, kuma ba inda za shi sai an duba su.

Kowa a ƙauyenmu, Erlenrod, ya san wannan aikin nasa. Duk ƙarshen Fabrairu, da ƙanƙara ta fara narkewa, zai ja koren shingen roba mai tsayin gwiwa a gefen titi ta ɓangaren kurmi, ya binne bokiti ashirin da takwas a gindinsa, bakinsu daidai da ƙasa. Kwaɗi na gangarowa daga kurmi za su tafkin bayan tsohon injin niƙa su yi ƙwai, ga titi a tsakani. Sai su ci karo da shinge, su bi gefensa, su faɗa bokiti, da safe a kwashe su a tsallakar da su. Muna aji biyu malamarmu ta taɓa kai mu kallo, na jefa wa wata yarinya kwaɗo a hular rigarta, aka kore ni gida. Tun daga ranar ban sake taɓa kwaɗo ba, duk da cewa shingen katako kawai ne tsakanin gidanmu da na Herr Kolbe.

Daga inda yake zaune ya riƙa ba ni umarni. In wanke hannu a ruwan kwata tukuna, hannun taba ba ya taɓa kwaɗonsa. In riƙe su ta ƙarƙashin hammata, ba matsewa. Na ɗauki na farko, sanyi ƙalau, fatarsa kamar busasshen lemo, ya yi wani ɗan kuka, kuk-kuk, saura kaɗan in yar da shi.

"Namiji ne," in ji shi. "Duk wanda ya yi maka surutu namiji ne. Mace aiki ne a gabanta."

Matan manya ne, cikinsu cike da ƙwai, wasu har da namiji manne a baya kamar goyo. Na tsallaka titin sau shida ko bakwai da bokiti a hannu, motoci na watsa mini ruwa. Da na gama na faɗa masa: maza arba'in da ɗaya, mata goma sha biyu. Ya zaro ƙaramin littafi da fensir daga aljihun ƙirji ya rubuta. Sannan ya ce to, yanzu in kira masu jiniyar.

Kwana shida ya yi a asibiti. Ni ban yi wa kowa alkawari ba, amma washegari ƙarfe shida Mama ta yaye mini bargo ta ce bokitan mutum na jira. Shekarata goma sha tara a lokacin. Na bar makaranta ina da sha shida, na yi wata biyar a wurin kafinta na gudu, na yi mako uku a gidan burodi na gudu. Mama tana ɗaura igiyar takalminta za ta gidan tsofaffi inda take aiki, ta ce aƙalla kwaɗi ba za su rubuto mata wasiƙar ƙorafi ba.

Da aka dawo da shi gida, ba don ya warke ba ne. Zuciyar ce ta gaji, likitoci suka ce babu sauran abin yi, shi kuma ya ce in dai mutuwa ce yana da gado a gida. Aka sauko da gadon falo aka sa shi jikin taga, inda yake hango titin da bakin kurmi daga nesa. Nas na zuwa safe da yamma. 'Yarsa Marlies tana Frankfurt, tana zuwa ƙarshen mako in aiki ya bar ta.

Haka muka shiga wani irin zama. Kullum da safe in gama bokitai, in cire takalmin roba a bakin ƙofa, in shiga in dafa mana kofi, in yanka baƙin burodi in shafa man shanu. Shi ba ya iya cin fiye da loma biyu. In faɗi lissafi, ya rubuta. Littafin yana da gurbi biyar: maza, mata, masu goyo, sauran halittu, sai matattu. Irinsa talatin da ɗaya ne a cikin kwalin takalmi a ƙarƙashin gado, kowace shekara da nata. Duk ƙarshen Afrilu yakan kwafe jimilla ya aika ofishin gunduma, ya roƙi a haƙa wa kwaɗi hanya ta ƙarƙashin titi. Su kuma su aiko masa da katin godiya.

A waɗannan safiyoyin na ji abubuwan da ban taɓa sani ba game da mutumin da na girma ina satar tuffar gonarsa. Shekara talatin yana tuƙa motar madara a kan wannan titin, kafin gari ya waye. Ya ce in Maris ya zo yakan ji su a ƙarƙashin taya, tas-tas-tas, kamar ana taka ƙwai, shi kuwa sai ya ƙara sautin rediyo. Matarsa, marigayiya Irmtraud, ita ce wata rana ta bi shi a motar za ta kasuwa, ta sa shi ya tsaya, ta fita cikin takalminta na coci ta riƙa kwashe su da hannu. Madara ta makara, aka yi masa faɗa a wurin aiki. Shekarar da ta biyo suka kafa shinge.

Ya ce a da su goma sha biyu ne. Da malamin makaranta, da matar fasto, da wasu tagwaye masu gyaran rufi da ba sa magana da juna sai a bakin shinge. Irmtraud takan kawo miyar dankali a flas, su tsaya a gefen titi suna sha, tururi na tashi, suna gardamar wa ya ƙirga kwaɗo ɗaya sau biyu. Ya lissafa mini su ɗaya bayan ɗaya, da inda kowa yake kwance a maƙabarta. Saura shi da Frau Dippel, ita ma tun da aka yi mata aiki a ƙugu ba ta iya sunkuyawa.

Dokokinsa biyu ne, ya maimaita mini su har na gaji. Kowane bokiti a sa masa ɗanyen ganye a ƙasa da sanda a jingine, don ɓera ko buzuzu in ya faɗa ya samu matakalar fita. Ta biyun kuma, in ka san gobe da safe ba za ka zo ba, to yau da yamma ka rufe bokitai duka. In suna rufe, kwaɗi za su tsaya a bayan shinge su shige ƙarƙashin ganye su jira. In suna buɗe ba kowa, ka haƙa musu rami ne kawai.

"Na ji, Herr Kolbe. Sau ashirin ke nan."

"Kai ne ka ji kafinta sau ashirin, ina teburin da ka haɗa?"

Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma na fara son abin. Hazo a kan tafki, ƙamshin jiƙaƙƙen ganye, yadda uwar kwaɗo za ta tsaya a bakin ruwa kamar tana tunani kafin ta shiga. Idanunsu launin jan ƙarfe ne, ban taɓa lura ba sai da na riƙe ɗaya kusa da fuskata. Amma ƙafata ba ta daina ƙaiƙayin tafiya ba. In babbar mota ta wuce ni a titin, sai in bi lambarta da kallo ina tunanin inda za ta kwana.

A mako na uku sanyi ya dawo. Kwana huɗu a jere bokitai wayam, ko buzuzu babu, don kwaɗo ba ya tafiya in ƙasa ta daskare. A cikin kwanakin ne abokina Mirko ya bugo daga birnin Kassel. Ya ce ana neman mutane a rumbun kayan da yake aiki, za a gwada sababbi ranar Asabar ƙarfe shida na safe, in zo ranar Juma'a in kwana a ɗakinsa.

"Ko sai ka nemi izini wurin matanka?" in ji shi. "Sarkin kwaɗi. Ka gaishe su."

Juma'a da safe na gaya wa Herr Kolbe. Bai hana ni ba. Ya ce in je, mutum ba ya cin kwaɗo ya ƙoshi sai in Bafaranshe ne. Ya ce amma in rufe bokitai, murafen suna cikin baro a rumfar baya. Na nuna masa hasashen yanayi a waya: sanyi da bushewa har Litinin. Ko kallon wayar bai yi ba. Ya dafa gwiwarsa ta hagu ya ce wannan ta ce ruwa na tafe.

"Ka rufe su, yaro."

"Zan rufe."

Na kuwa yi niyya. Amma na tsaya aski, na tsaya neman rigar kirki, kafin in turo baron zuwa bakin shinge saura minti ashirin bas ɗin ƙarfe huɗu ta tashi, ita ce kuma ta ƙarshe. Murafen sun tsufa, kowanne sai ka share ƙasa daga bakin bokiti, ka zare sandar, ka danna da gwiwa. Na rufe shida. A na bakwai na zare sandar, murfin ya ƙi zama, na duba agogo, na duba sama, shuɗi tas ba ko gajimare ɗaya. Na tura baron cikin ciyayi na ruga.

Ƙarar ruwa a kan tagar Mirko ce ta tashe ni ranar Asabar, tun kafin agogo ya buga. Na buɗe tagar na miƙa hannu. Ruwan mai ɗumi ne, irin wanda suke jira. Mirko ya ce tun tsakar dare ake yi, ina barci kamar gawa. Wayata na hannuna, lambar Mama na gabana. Sai na ce ai tana wurin aiki. Na ce ruwan Kassel ba lallai ne ya kai Erlenrod ba. Na ce da yamma ina gida. Na sa wayar a aljihu muka fita.

Da hantsi gari ya washe, rana ta fito da ƙarfi, ga iska busasshiya. Na ɗauki kwalaye har ƙarfe uku, shugaban wurin ya dafa kafaɗata ya ce zan ji daga gare su. Mirko ya ce wannan sai an sha giya a kai. Bas ta tafi ta bar ni. Kafin gari ya waye ƙasa ta sake daskarewa.

Lahadi da safe na sauka a mararraba, ban je gida ba, na bi titin a ƙafa. Tun daga nesa na ga hankaki sun jeru a kan shinge. Da na matso suka tashi gaba ɗaya.

Ba zan faɗi komai da komai ba. Duk kwaɗin da sanyi ya tsare kwana huɗu sun taso a dare ɗaya. Bokitai sun cika har rabi. Na ƙasa nauyin 'yan'uwansu ya danne su, na sama rana ta busar da su sannan sanyi ya gama da su, hankaki kuma sun yi nasu. Sai na tsakiya ne ke motsi a hankali. Na riƙa zaro su ɗaya-ɗaya ina hura musu iska a tafin hannu kamar wawa. Casa'in da shida na kai tafki. Sauran na juye a baro, sawu biyu, na kai su wani kwari a gindin itacen da ya faɗi cikin kurmi, na tura musu ganye da ƙafa. Ban ko tsaya kallonsu ba.

Marlies ce ta buɗe mini ƙofa, ta iso da sassafe. Idanunta sun kumbura. Ta ce kada in daɗe, jiya bai ji daɗi ba. Na same shi ya ƙara shigewa cikin matashi, ga ɗan rauni a goshinsa an manna masa filasta. Ya tambayi aikin, na ce ba laifi. Ya miƙa hannu, na ba shi littafin.

"Maza saba'in, mata ashirin da shida."

Ya rubuta a hankali. Fensirin ya matsa zuwa gurbi na ƙarshe ya tsaya.

"Matattu fa?"

"Babu," na ce. "Sai ɗaya ko biyu a kan titi."

Bai dube ni ba. Taga ya duba, ya daɗe. Sannan ya sa fensirin a tsakiyar littafin ya rufe, bai rubuta komai a gurbin ba. Ya ce kofina na sanyi.

Litinin da Talata na yi aikin yadda ban taɓa yi ba. Na sake ganyen kowane bokiti, na gyara inda shinge ya kwanta, na koma da yamma na sake dubawa. Da safe in kawo lissafi, amma yanzu ni nake rubutawa, hannunsa ya daina riƙe fensir. Duk sanda na buɗe littafin sai idona ya faɗa kan gurbin nan da ba komai. Shi kuwa bai sake tayar da maganar ba. Ran Talata aka bugo daga Kassel, an ɗauke ni, in fara bayan bikin Ista. Na gaya masa, ya ce madalla, Kassel ta shiga uku.

Da yamma muna cin abinci ni da Mama, ta ce nas ɗin Herr Kolbe ƙawarta ce, ta ba ta labari. Wai ranar Asabar da yamma ta tarar da shi kwance a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya cikin takalmin roba, ɗayar ba komai, goshi na jini. Tun tsakar rana yake nan. Ya buga wa Frau Dippel ba ta gida, tana wurin ɗanta. Da nas ta ɗaga shi sai maganar bokitai yake yi mata, ita kuwa ta zaci ruɗewa ce ta ciwo, ta ba shi magani ta kwantar da shi.

"Ban san me ya fitar da shi ba," in ji Mama, tana yanka cuku. "Ba ka ce ka rufe su ba?"

Na ajiye cokalin. Ta dube ni, ta sake dubana. Ta ɗauke farantina ta kai wurin wanki.

Laraba, talatin da ɗaya ga wata, na gama bokitai da wuri na shiga. Marlies tana barci a kujera da rigar jiya. Numfashinsa ya canza, yana ja yana tsayawa. Na zaci ba ya ji, amma da na zauna ya buɗe ido. Na faɗa masa duka, kaina a ƙasa: aski, da bas, da murfi shida, da wayar da na mayar aljihu. Na jira faɗa.

"Na gan su," ya ce. Sai na kai kunne kusa. "Hankakin. Tun hantsin Asabar. Hankaka ba ya taruwa a banza."

"Ku yafe mini, Herr Kolbe."

Ya ɗan motsa yatsu kamar mai korar ƙuda. "Nawa ne?"

"Ban ƙirga ba."

A nan ne ya ɓata rai. Da ƙyar ya ɗago kai daga matashi. Ya ce barin bokiti a buɗe kowa na iya yi, shi ma ya taɓa yi, shekarar da aka haifi waccan, ya nuna Marlies da haɓa. Amma ya ƙirga nasa. Ya ce shekara talatin da ɗaya babu gurbin da ya bari ba komai, kuma ba zai tafi ya bar littafi da rami ba. Maza daban, mata daban. Na ce kwana uku ke nan suna cikin ganye. Ya ce to me, sun gudu ne?

"Je ka yanzu."

"In bar ku haka?"

"Ina za ni? Takalmin ma ɗaya na iya sawa."

Dariya ta kama ni, ba shiri, har Marlies ta farka. Ya riga ya rufe ido, amma gefen bakinsa na motsi.

Na ɗauki safar hannu da tsohon buhu na nufi kurmi. Gari ya yi luf, ba rana ba ruwa, tsuntsaye na ta kuka a sama. Na yaye ganyen. Sanyin kwanakin ya sa ba su lalace sosai ba, amma wari ya fara. Na shimfiɗa buhun na durƙusa, na riƙa jera su goma-goma, maza a dama, mata a hagu. Yanzu ba mai yin kuk-kuk, sai da girma nake ganewa, da baƙin tabon da ke yatsun maza, wanda shi ya nuna mini. Wasu har yanzu suna manne da juna, sai na raba su.

Ina kan layi na goma sha huɗu na ji ƙararrawar coci. Ba ƙarfe goma sha biyu ba ne, ba kuma ranar ibada ba. Babbar ce ita kaɗai, bugu uku, shiru, bugu uku, shiru, bugu uku. A Erlenrod haka ake bugawa in namiji ya rasu, in mace ce sau biyu ake yi. Kowane yaro ya san wannan.

Na miƙe tsaye da kwaɗo a hannu. Daga nan ina hango rufin gidansa ta tsakanin itatuwa, minti biyar ne in na ruga. Na daɗe a tsaye. Sannan na koma na durƙusa, na nemi inda na tsaya, na ci gaba. Da na gama na sake ƙirgawa daga farko, don kada a ce na ƙirga ɗaya sau biyu. Na haƙa rami na gaske da shebur, na binne su.

Ranar jana'iza Frau Dippel ta zo da sandunanta biyu, a wurin shan kofi da kek ta kama kunnena ta ce ta ji labarin komai, kuma shekara mai zuwa in tabbata na sayi sababbin murafe. Ban tafi Kassel bayan Ista ba. Na roƙi su ƙara mini mako biyu har kwaɗi su gama komawa kurmi, suka ce akwai masu jira. Na naɗe shingen ni kaɗai a ƙarshen Afrilu, na wanke bokitai na kife su a rumfa, na kwafe jimilla na aika gunduma. Katin godiya ya zo da sunansa.

Na tafi dai daga baya, ƙafata ba ta canza ba. Shekara bakwai ke nan, na yi Bremen, na yi jirgin ruwa, yanzu ina tashar jiragen Hamburg. An sayar da gidansa ga wasu masu yara uku, sun sare itacen tuffar. Ɗaliban makarantar sakandare ne ke kula da shingen tare da malaminsu, a waya suke rubuta lissafi. Amma duk inda nake, in Maris ya yi aka fara yayyafi mai ɗumi da yamma, sai in ji ƙamshin ganyen nan da na kofinsa mai ɗaci, in ga kaina ina cire takalmi a bakin ƙofa.

A ranar Larabar, da na dawo daga kurmi, na wanke hannu a famfon waje na shiga. An buɗe tagar falon gaba ɗaya, yadda ake yi, labule na kaɗawa. Marlies ta tsayar da agogon bango. Mama na zaune kusa da ita. An rufe shi zuwa ƙirji, an taje masa gashi, filastar na nan a goshinsa. Takalman robarsa suna bakin ƙofa, ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance. Littafin yana kan ƙaramin tebur, fensir a tsakiya. Ba wanda ya tambaye ni inda na je. Na buɗe shafin, na nemi gurbin, na rubuta da ƙananan baƙaƙe don ya isa:

Asabar, ashirin da bakwai ga Maris. Maza ɗari da arba'in da uku. Mata sittin da ɗaya, duk da ƙwansu. Buzuzu biyu. Ɓera ɗaya, a bokiti na bakwai, wanda na zare wa sanda.